Kwashe dusar ƙanƙara a hanyar tsakuwa da ƙaramar tarakta

'Yan uwa da suka sayi gida a bayan gari a Kanada ko arewacin Amurka, irin su Manitoba da Saskatchewan da Minisota, yawanci hanyar shiga gidan ba kwalta bace, tsakuwa ce aka zuba, kuma wata tana da tsawon da shebur ba zai iya da ita ba ko da kai da yaranka duka kun fito. Toh anan ne ƙaramar tarakta take shigowa, irin Kubota BX ko John Deere 1025R, masu ƙarfin doki 20 da ɗoriya. Amma dan Allah ka riƙe wannan tun yanzu: a kan tsakuwa ba a kankare ƙanƙara har ƙasa. Wanda ya nace sai ya ga tsakuwarsa fes, to a watan Afrilu zai same ta zube cikin ciyawa, ya dinga bi da manjagara yana tsinewa.

Aikin tun Oktoba yake farawa kafin ƙasa ta daskare. Ka bi hanyar ka cike ramuka, tsakiyarta ta ɗan fi gefe tudu saboda ruwa ya gangare, sannan ka kafa sandunan nan masu ruwan lemo a gefe da gefe, musamman wajen kwalbati da kwana, don ranar da ko'ina ya yi fari ba zaka gane ina hanya ta ƙare ina rami ya fara ba.

Dusar farko kuma ka ƙyale ta. Eh, ƙyalewa. In bata da yawa ka hau mota ko taraktar ka yi ta bi kana dawowa har ta danne, sanyi ya kama ta, ta zama daɓe mai kaurin inci 1 zuwa 2 da ya rufe tsakuwar ya manne ta wuri ɗaya. A kan wannan daɓen zaka yi aiki duk hunturu. Matsalar ita ce Nuwamba da Maris, lokacin da sama ta zubo amma ƙasa da laushi, anan ne farantin ƙarfen da tarakta take share dusa da shi yake nutsewa yana kwasar tsakuwa, saboda haka a wannan lokaci ka ɗaga hannu sosai.

A ganina abu mafi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi shine farantin baya, wannan mai kama da na gireda da ake maƙalawa a ƙugiyoyi uku na bayan tarakta, kuɗinsa da sauƙi kuma abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Dabarar ita ce ka juya shi gaba ɗaya ya ba hanya baya, wato bayan farantin ne yake tura dusar kana tafiya gaba, kaga bakin ba zai ciji ƙasa ba sai dai ya dinga shafa ta. Ka karkata shi gefe ɗaya, ka fara daga tsakiyar hanya kana turawa waje, ka dawo ta ɗaya gefen. Wasu suna tsaga fayif na ƙarfe ko na roba mai kauri a tsawonsa su sa a bakin farantin, yana aiki kuwa, na roban dai sanyi yana fasa shi da wuri. In akwai takalman ƙarfe a farantin ka sauke su yadda bakin zai tashi daga ƙasa kamar inci 1.

Bokitin gaba ba don sharar hanya aka yi shi ba, yana cika nan da nan kuma da ka ɗan kifa bakinsa ya shiga tsakuwa shikenan. Amfaninsa tara dusa da tura tudu baya, da buɗe bakin titi inda motar hukuma mai share dusar titi take bar maka ganuwa mai tauri. In dole da shi zaka share, ka ɗan ɗaga bakin sama ya zauna a kan gindinsa. Kuma tun dusar farko ka tura can nesa, don tudun da ka bari a bakin hanya a Disamba zuwa Fabrairu ya zama dutse, hanyar tana ta matsewa har mota ta kasa wucewa. Kar ka tura ta kan titin gwamnati, garuruwa da yawa tara suke ci.

Inda dusa take da yawa ko iska take tara ta, kamar filayen Manitoba, sai injin feso mai aiki da PTO, wato sandar ƙarfen bayan tarakta da injinta yake juyawa sau 540 a minti. Shi baya barin tudu, cilla ta yake yi nesa. Amma fa duk tsakuwar da ya haɗiya harbo ta yake yi, don haka takalmansa a ƙasa, bakin feson kuma nesa da taga da mota da mutane, ka bi inda iska take kaɗawa in ba haka ba duk a fuskarka zata dawo. Yawancinsu da ribas ake aiki, wuyanka zai gaya maka saboda waiwaye. Akwai ƙaramin ƙusa mai noti da aka yi shi musamman don ya karye in injin ya ci dutse ko katako, ka ajiye guda biyar a akwatin taraktar da sifana, kuma kar ka musanya shi da mai tauri wai don ya daina karyewa, giyar injin ce zata karye a madadinsa. In bakin ya toshe ka kashe PTO, ka kashe inji, ka jira komai ya tsaya, sannan da sanda ake zaƙulowa, ba da hannu ba wallahi.

Taraktar kanta bata da nauyi, tana sulɓi. Sarƙa a tayoyin baya tana canza komai, haka nauyi a baya in kana aiki da bokiti, wasu ma ruwan da baya daskarewa ake ɗura musu a taya. Bokiti a ƙasa-ƙasa in kana tafiya, ƙarfen kariya na sama, mai tsare direba in taraktar ta kife, a miƙe, bel a ɗaure. Dizal ɗin bazara yana yin kauri a sanyi ya toshe filta, ka sayi na hunturu ko ka zuba maganinsa, ka jona hitar inji awa 2 ko 3 kafin ka tayar in sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ka barta ta ɗumama man haidirolik ya saki. A buɗe ƙofar gareji kafin a tayar, hayaƙin yana kisa.

Kuma in an ce dusa zata kai santimita 30, kar ka jira ta gama, ka fita ka rage a tsakiya, farantin ƙaramar tarakta baya iya tura ta a tashi ɗaya.