Keke daga Garwa zuwa Lagdo da gindin Tingilin: kurakuran da aka fi yi

Ranar da na fara zuwa Lagdo a keke, a bayan motar masu kifi na dawo, ni da keken da kwandunan banda. Da hantsi na bar Garwa, a arewacin Kamaru, cikin watan Janairu, na haye gadar Binuwai na miƙi hanyar Ngong, keke na ta gudu kamar ana tura shi. Ashe turawar ake yi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya nufi kudu tana bayansa, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne. Da na juyo sai ta tare ni gaba da gaba, ga rana ta take, ga gora babu ko ɗigo. Tafiyar ta haura kilomita 60 zuwa kawai, ni kuwa na ƙarar da ƙafafuna tun a rabin farko.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kayar da mutane a nan: a ƙirga kilomita a manta da iska. Fadamar Binuwai shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa, shi ya sa ake raina ta. Amma tudu yana da ƙarshe, ka kai sama ka huta a gangara. Iskar fadama ba ta da gangara, kuma babu abin da zai kare ka sai gonakin masakwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in kana da zaɓi, fara da fuskantar iska kana da ƙarfi, ka dawo tana tura ka. Hanyar Pitowa ta dace da haka, wajen kilomita 15 ne arewa maso gabas, dutsen Tingilin na hagunka. In kuwa Lagdo ka nufa, ka rage gudu a zuwa ko da keken na roƙonka, ko ka shirya kwana can ka taso da asuba kafin iska ta farka.

Lokacin fita ma haka. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka. Mai hankali yana sallame asuba ya hau, ƙarfe goma ta same shi a inuwa. Masu cewa bari in karya tukuna, in ɗan taɓa hira, su ne ake tsinta a gindin darbejiya suna ganin jiri. Gora ɗaya ba ta isa. Ka ɗauki biyu, ka riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba, ɗaya ka jefa mata ɗan gishiri da sukari, domin gumin da ya bushe ya bar farin zane a rigarka gishirin jikinka ne ya fita. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu sun fi duk wani abin leda.

Sai taya. Samari suna sayo keken tsere na gwanjo mai siririyar taya, milimita 23, irin wadda aka yi wa titunan Turai, su buga mata iska har ta yi tauri kamar dutse, wai don ta fi gudu. A kwalta mai ramuka da gargada ba gudu take ƙarawa ba, tsalle take yi, hannu ya mutu, baya ya riƙe. Wani dattijo mai faci a bakin hanyar Pitowa ne ya fara nuna mini. Ya danna tayata da babban yatsa, ya girgiza kai.

“Ɗana, wannan taya ce ko taɓarya?”

“Baba, haka aka ce ana yi.”

“Waɗanda suka ce maka, a hanyar nan suke bi?”

Ya juya tayar a hankali yana shafa cikinta da yatsa, ya zaro ƙayar tsidau guda uku, ƙanana kamar kan allura, ya jera mini a tafin hannu. Ni da na yi faci sau biyu a ranar ban taɓa duba cikin tayar ba, tib ɗin nake mayarwa a kan tsohuwar ƙaya. In firam ɗinka zai ɗauka, sa taya mai faɗin 28 ko 32, ka rage iska kaɗan. Kada ka tura keke cikin ciyawar gefen hanya, nan tsidau yake. Kuma famfo da faci da sholisho su zauna a ƙarƙashin sirdi, don tsakanin ƙauye da ƙauye babu mai faci.

Baƙin man inji da ake zuba wa sarƙa, a bar shi. Da ƙurar hunturu ya haɗu ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙoran giya. Ɗigon mai mara kauri, a goge da tsumma, ya wadatar.

A wajen Tingilin kuskuren na daban ne. Dutsen ya haura mita 700, Garwa kuwa tana wajen 200, kuma hanyoyin da suke shiga gindinsa zuwa ƙauyukan ƙabilar Fali burji ne da yashi da tsakuwa. Mutum zai tunkari hawa da giya mai nauyi, sai ƙafa ta ƙi juyawa sannan ya nemi canzawa, sarƙa ta yi ƙara ta zame ko ta tsinke. Tun kana ganin tudun ake sauko da giya, kana zaune a sirdi, don in ka miƙe tsaye a kan tsakuwa tayar baya sulɓewa take yi. A gangara kuma kada ka damƙe birkin gaba a kwana, kada kuma ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Matsa, saki, matsa. Inda ka ga yashi ya kwanta a ƙasan kwari, ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka riƙe kan keke a miƙe. Sauka ka tura ba abin kunya ba ne, matan da suke saukowa da itace a ka sun ga wanda ya fi ka ya tura.

Babbar hanyar kuwa ba taka ba ce kai kaɗai. Ita ce manyan motoci suke bi da kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare zuwa Kusiri da Njamena, ga motocin auduga da rani. Ka tsaya dama, ka cire abin sauraron waƙa daga kunne, ka sa hular kwano da riga mai haske, musamman ranar da hazo ya sauko. In tirela biyu za su gamu daidai inda kake, sauka gefe. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa take ci, hanya cike da babura da amalanke da dabbobi, ba ranar gwada gudu ba ce. Katin shaida ya kasance a jikinka, akwai shingayen jandarma.

Da damina kada taswirar waya ta yaudare ka da gajeriyar hanya ta cikin fadama. Baƙar ƙasar nan da Fulani suke ce wa karal, in ta sha ruwa, tana manne wa taya har wili ya daina juyawa, sai dai ka saɓa keken a kafaɗa. Madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, akan buɗe ta in tafki ya cika wajen Agusta da Satumba. Wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san inda ruwan Binuwai yake iya kaiwa.

In ka isa bakin tafkin jiki ya yi zafi, zuciya za ta ce ka faɗa ruwa. Kada ka biye mata. Ruwan da yake kwance a gefe, mai ciyawa da dodon koɗi, shi ne gidan tsargiya, kuma akwai dorina. Wurin madatsar ana gadinsa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto. Ka sayi ruwa ka wanke fuska, ka zauna wajen masu suyar kifi, ka tambayi masunta inda ba a zuwa. Ni yanzu a can nake kwana, in jingine keken a cikin ɗaki, in cika gorunana tun da dare.