Yadda dattawa za su shawo kan tsattsauran ra'ayi kafin ya raba ikkilisiya

A addu'ar gida-gida, da addu'ar dare, da zauren WhatsApp na matasa, nan tsattsauran ra'ayi ya fi tsirowa, domin wurare ne da dattijo bai cika leƙawa ba. Saboda haka a fara da rubuta kowane rukunin addu'a a littafin sakatare: ina ake taruwa, wace rana, wa ke koyarwa. A ba kowane rukuni dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, su riƙa zama da su ko sau ɗaya a wata.

Yawan azumi da ƙwazon addu'a ba laifi ba ne, kada a tsangwami yaro a kansu. Abin dubawa daban ne: wanda ya daina cin Jibin Ubangiji wai sauran ba su sami ceto ba, ko ya hana mai hawan jini shan magani, ko ya nuna wata tsohuwa ya ce mayya ce, ko ya fara karɓar baiko a gefe. Zancen kuɗin nan ya fi saurin tona asiri. Da zarar baiko ya daina bi ta hannun ma'aji, wata majami'ar ce ake ginawa a cikin taku.

Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya, kuma tsallake matakinta na farko shi ke ɓata yawancin shari'o'in nan. Mutum ɗaya da yaron ke jin nauyinsa ya same shi a gida, ya saurare shi har ya gama. Sannan a buɗe ayar da yake kafa hujja da ita, a karanta surar gaba ɗaya, don yawanci rabin aya aka ba shi. In maganar naman Sallah ce daga maƙwabci, Romawa 14 da 1 Korintiyawa 10 sun isa a zauna a kansu. In bai ji ba, a koma da mutum biyu ko uku. Horo a gaban jama'a shi ne na ƙarshe. In an yi gaggawarsa, yaron ya zama gwarzo a idon abokansa, su ce tsanani ake masa saboda gaskiya, su bi shi su fita.

Baƙon mai wa'azi kuwa, kada ya hau bagadi sai da takarda daga gundumarsa, a kuma faɗa masa tun a ofis cewa ba a zagin addinin kowa ko wata ɗarika a nan. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ya tashi. Rikicin garin Kaduna na 2000 da na 2002 su suka sa Kogin Kaduna ya zama iyaka, Kiristoci suka karkata Sabon Tasha da Narayi, Musulmi Rigasa da Tudun Wada. Yaron da ya tashi bayan haka, wataƙila bai taɓa abokin Musulmi ba, don haka duk abin da aka turo masa a waya gaskatawa yake. A haɗa matasa da na masallacin kusa a aikin gayya, kwashe kwata ko ƙwallo. Cibiyar sasanci ta Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa ta daɗe tana irin wannan horarwa a Kaduna.

Lasifikar addu'ar dare a juya ta ciki, a rage murya. In kuma aka ji zancen makami ko shirin far wa wani, ya wuce majalisar dattawa: a sanar da 'yan sanda da shugabannin Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na yankin a ranar.