Babi na 4: Tsohon gatari, yadda za a gane shi a raya shi

Darasi na 1: Nema da ganewa

Iyayena da yayyena, ku buɗe littafin rubutu. Ku rubuta: ga-ta-ri. Gaɓa uku. Ku rubuta: ƙo-ta. Wannan ƙ mai lanƙwasa ce a kai. In kuka manta lanƙwasar, kalmar ta lalace.

Ba sai kun yi nisa ba. Ku duba ƙarƙashin rumbu, ku duba ɗakin da aka daina kwana, ku tambayi tsofaffin gida. In babu, ranar Alhamis ku zaga Kasuwar Dole ta Damagaram wajen masu tsofaffin ƙarafa.

Gatari iri biyu za ku fi gani. Na maƙeranmu ba shi da rami. Baki gare shi mai faɗi da wutsiya mai tsini, wutsiyar ce ke shiga kan ƙota. Ku shafa shi da yatsa, za ku ji sawun guduma. Kada ku raina shi. Maƙeran Damagaram har igwa suka ƙera a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Na biyu shi ne na kanti, wanda ya zo daga waje. Shi rami gare shi, ƙota ce ke shiga cikinsa, kuma sau da yawa akwai rubutu a kumatunsa. Ku goga alli a wurin, ku share da yatsa, haruffan za su fito fari. Ku kwafe su ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, ko ba ku gane ma'anarsu ba. Sunan masana'anta ne ko na ƙasar da aka yi shi.

In bakin a kwance yake kamar na fartanya, gizago ne na masassaƙa. In kuwa dutse ne mai santsi da aka tsinta a gona, wanda ake kira gatarin aradu, aikin mutanen dā ne tun kafin a san ƙarfe. Kada a jiƙa shi, kada a wasa shi. A ajiye.

Darasi na 2: Cire tsatsa

Ku tanadi tsamiya, kanwa, roba, soson ƙarfe, busasshen tsumma biyu da man gyaɗa. Tsumma biyu na ce, ba ɗaya ba.

Ku cire ƙarfen daga ƙota. Ku jiƙa tsamiya ta yi kauri kamar za a dama kunu. Ku nutsar da ƙarfen duka, ya kwana. Kwana ɗaya tak, domin tsami in ya gama cin tsatsa, ƙarfen yake komawa ci. Da safe ku dirje da soso. Sannan ku ɗauraye da ruwan kanwa. Mata sun san dalili: kanwa ce ke kashe tsami a tukunya, nan ma haka.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne kowa yake faɗuwa. Ku busar da shi nan take. Kuna fitar da shi daga ruwa, tsumma na farko. Ya jiƙe, ku ɗauki na biyu. Ku cusa tsumma cikin rami, ku bi wutsiya har tsininta. Ku sa shi a rana minti 30, ku juya, wani minti 30. Ku taɓa. In da sanyi-sanyi, bai bushe ba. Ƙarfen da aka cire wa tsatsa tsirara yake, kafin ku gama alwala ya fara ja.

Ya bushe? Ku sake dubawa. To, yanzu mai. Ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu, ku shafe ko'ina. Kada mai ya hau kan lema, domin zai rufe ruwan a ciki, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi ba ku gani ba.

Wani dattijo a ajinmu na bara ya kawo gatarin mahaifinsa, ya dirje shi har yana ƙyalli, sai aka kira salla ya jingine shi gindin randa. Washegari ya kawo mini shi ja wur, yana cewa, "Malam, tsamiyarka ba ta aiki." Na ce, "Baba, tsamiya ta yi nata. Ina tsumma?" Ya yi shiru. Ya sake daga farko, na biyun ya yi kyau. Ba abin kunya ba ne, ku ma za ku iya.

Amma fa na gaji da ganin wannan. Sau uku nake faɗa a kowane aji, mako na zagayowa a kawo mini ƙarfe ja da tsatsa. Ku manya ne, kuna da jikoki. Wanda bai da lokacin busarwa kada ya jiƙa. Ku rubuta sau biyar: a busar, sannan a shafa mai.

Darasi na 3: Washi

Dutsen washi da ɗan ruwa. Ku goga gefe ɗaya sau 10, ɗaya gefen sau 10. Kada ku kai shi injin da ke fitar da tartsatsi: in bakin ya yi zafi har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Kada ku goge rubutun. Kun sa ruwa, saboda haka a busar, a shafa mai.

Darasi na 4: Ƙota

Icen aduwa busasshe, marar tsaga. Huda kan ƙota da wuta aikin maƙeri ne, ku kai masa. Ku ce wutsiya kawai zai gasa, ban da baki.

Darasi na 5: Ajiya

A rataye, kada a bar shi ƙasa saboda gara da yara. Da damina a ƙara mai.