Darasi na Bakwai: Idan Ƙwaya Ta Fi Ƙarfin Jiki

Akwai wani rukunin magunguna da likitoci ke kira opiyod. A cikinsu akwai tramadol, kodin, mofin da fentanil, kuma hiroyin ma danginsu ce. Asibitoci na amfani da wasunsu don kashe zafin ciwo mai tsanani, kamar bayan tiyata ko a ciwon daji. Idan suka yi yawa a jiki, sai su danne ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin numfashi. Numfashi ya riƙa ja baya har ya tsaya, kuma mintuna kaɗan ba iska sun isa ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 125,000 ne suka mutu ta wannan hanya a shekarar 2019.

Mutuwar nan ba kasafai take zuwa farat ɗaya ba. Takan ba da lokaci, kuma wanda ke kusa a lokacin yawanci ɗan'uwa ne, ko aboki, ko maƙwabci. Shi ya sa wannan darasi na kowa ne.

Alamomi uku za ku riƙe. Mutumin ba ya farkawa ko an kira shi ko an jijjiga shi. Numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko ya tsaya. Ɗigon tsakiyar idonsa ya tsuke kamar tsinin allura. Bayan waɗannan ukun, leɓɓa da farata kan koma ruwan toka ko shuɗi, jiki ya yi sanyi. Sai kuma wani minshari mai kakari, wanda ke yaudarar mutane su ce barci ya yi nauyi, a bar shi ya huta. Wannan kuskure ya ci rayuka da yawa.

Idan ka tarar da mutum haka, kira sunansa da ƙarfi, ka murza tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka. In bai motsa ba, nan take ka sa wani ya kira motar asibiti. Nuna mutum ɗaya ka ba shi wannan aikin, domin idan an bar wa taro, kowa zai zaci wani ya kira.

Maganin da ke karya ƙarfin opiyod sunansa naloxone. Akwai na fesawa a hanci, mai miligiram 4, akwai na allura. In na hanci ne, kwantar da mutumin rigingine, sa bakin abin a ƙofar hanci ɗaya, ka danna sau ɗaya. Kada ka gwada shi a iska tukuna, fesa ɗaya ce kawai a ciki. Idan minti 2 zuwa 3 suka wuce bai farfaɗo ba, ba shi sabo a ɗaya ƙofar hancin. Fentanil ya fi mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100, saboda haka sau ɗaya ba lallai ya isa ba. Ko kana shakkar abin da ya sha, ba shi, domin ba ya cutar da wanda babu opiyod a jikinsa.

Kana jira kana taimaka masa da numfashi. Ɗaga haɓarsa, kansa ya ɗan koma baya, duba bakinsa ko akwai abin da ya toshe. Toshe hancinsa, ka hura masa iska baki da baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5, kana kallon ƙirjinsa na tashi. In ƙirjin bai tashi ba, gyara haɓar. Ko babu naloxone a kusa, wannan kaɗai kan riƙe rai kafin taimako ya iso. Da ya fara numfashi da kansa, juya shi ya kwanta ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, kada amai ya shaƙe shi. Kada a sheƙa masa ruwa, kada a ɗura masa komai, kada a sa shi amai. Wanda bai cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhu zai tafi.

Farkawarsa ba ta nufin an gama. Naloxone na aiki minti 30 zuwa 90 ne kawai, ƙwayar kuwa tana iya daɗewa fiye da haka, sai ya sake suma. Zai iya tashi da gumi, ciwon jiki da fushi, ya nemi ƙarawa. Lallashe shi, ka zauna da shi har a kai asibiti.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu haɗa opiyod da giya ko maganin barci irin su diazepam, da masu sha su kaɗai a ɗaki a kulle. Akwai kuma wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba: wanda ya daina na wasu makonni, ko ya fito daga gidan yari ko cibiyar gyaran hali. Jikinsa ya manta da ƙwayar, adadin da yake sha a da yanzu zai iya kashe shi.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa naloxone a hannun waɗanda ake ganin abin zai iya faruwa a gabansu. Amma magani a aljihu ba ya amfani idan iyali na jin kunyar neman taimako. Inda ake gori da tsangwama, ɓoyewa ake yi. Jarabar ƙwaya ciwo ce da ake jinya, da magunguna irin su methadone da buprenorphine a ƙarƙashin kulawar likita. Ranar 31 ga Agusta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan wannan matsala a duniya, dama ce ta gayyato ma'aikacin lafiya ya koyar da jama'a a aikace.

Aikin aji: ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya gwada ɗaga haɓa da juya shi ta gefe, sannan ku sauya. Kafin darasi na gaba, kowa ya nemo lambar kiran gaggawa ta inda yake, ya tambayi asibiti mafi kusa ko suna da naloxone.