Ba kowane ganye mai ruwan toka ba ne tazargade: ga sababbin zuwa Afirka ta Kudu

Masauki da layin waya ba abin damuwa ba ne, 'yan uwa a Johannesburg da Cape Town za su tsaya maka, haka muka saba. Inda sababbin zuwa ke tafka shirme shi ne neman tazargade. Sanyin Yuni, lokacin hunturunsu, ya kankama, mura ta taso, sai mutum ya hau dutse ya yago duk ganyen da ya ga ya yi toka-toka, ya ɗora tukunya.

Abin da aka fi yagowa sunansa imphepho, masana su ce Helichrysum, kuma ire-irensa sun haura 200 a ƙasar. Gajeren tsiro ne mai yawan rassa, ya fi son gangaren duwatsu. Dubi ganyen da kyau. Ba shi da tsaga, ko dai kamar kunnen ɓera ko siriri, lulluɓe da farin gashi kamar auduga. Kankare shi da farce, gashin zai dunƙule, koren ƙasa ya leƙo. Furanninsa ƙanana ne, rawaya ko fari-fari, a cure a kan reshe, in ka taɓa ka ce busasshiyar takarda ce.

Ɗan uwan tazargade na gaske shi ne umhlonyane, Basotho su ce lengana. Ganyensa a yayyanke yake kamar na karas, sama kore, ƙasa fari-fari, ga ɗaci kamar maɗaci. In ganye bai tsattsage ba, ba shi ba ne.

Cirar tsiro a gandun Table Mountain, dutsen nan na Cape Town, laifi ne da ake cin tara a kai, kai kuwa baƙo ne da ke zaune da biza. Je lambun Kirstenbosch da ke gindin dutsen, tsirrai na da allunan suna, ka gani da idonka. A Faraday, kasuwar magungunan gargajiya ta Johannesburg, kuma nemi ganye sukutum, kada ka karɓi garin magani, don ba ka san me aka daka a ciki ba. Akwai saiwar da ake kira impila, dangi ɗaya ce da su, tana lalata hanta da ƙoda har ta kai mutum kushewa.

Sannan imphepho ba turaren wuta ba ne irin na gida. Zulu da Xhosa na ƙona shi ne don kiran kakanni, haka maƙwabta za su fassara hayaƙinka. In kuma ya tayar da ƙararrawar gobara, sai ka san abin da za ka faɗa wa mai gidan haya.