Yadda na shawo kan yankan adda da ya ƙi rufewa

Adda ta zame a gona wajen Bukuru, ta yanke ni a gindin babban yatsa, kimanin santimita 3. Kwana huɗu ciwon na buɗewa duk sanda na riƙe fartanya. Na zuba toka, na shafa sipirit. Duk a banza: toka datti take ƙarawa, sipirit kuma yana ƙona sabon nama.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin ɗinki ya wuce. Ta gwada lanƙwasa yatsan da jin taɓawa, don tabbatar jijiya ba ta tsinke ba, sannan ta yi mini allurar tetanus tunda na haura shekara 5 rabona da ita.

Kullum sai in wanke ciwon da ruwan gishiri, ƙaramin cokali 2 a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. In shafa Vaseline kaɗan, don iskar hunturun Jos tana busar da bakin ciwo ya tsage, in rufe da sabon bandeji. Babban sirrin shi ne ɗan katakon da aka ɗaura wa yatsan kwana 10, fatar ta daina miƙewa.

A kwana na 16 ciwon ya rufe ruf. Alhamdulillahi, Allah Ya saka mata da alheri.