Idan likita yace jini ya zuba a kwakwalwar dan uwanka, ga yadda zaka yi

Nayi jinyar baffana sati uku a asibiti bayan ya fadi a bandaki da asuba, kuma abun da yafi bani wahala ba kwana akan tabarma a baranda bane, tsayuwa ce gaban likita yana tambayarmu me muka yanke, mu kuma bamu ma san me ake tambayarmu ba. Shi yasa nake rubuta wannan.

Tun daga gida ake fara kuskure. Mutum ya fadi, baki ya karkace, hannu daya ya saki, magana ta sarke ko yana ta amai da ciwon kai irin wanda bai taba yi ba, sai a tallabo kansa a fara dura masa ruwa ko rubutu ko zamzam. Dan Allah kar a bashi komai ta baki. Hadiya na daga cikin abubuwan da ke lalacewa, abun da aka dura huhu yake wucewa, bayan kwana biyu sai ga zazzabi da ciwon huhu akan wanda ake fama dashi. Ayi masa tofi, a shafa masa, ba wanda ya hana, amma a kwantar dashi ta gefe daya a nemo mota. Kuma kar a bashi asfirin. Shanyewar barin jiki iri biyu ce, akwai ta toshewar jijiya akwai ta fashewa, ta fashewar bata kai ta toshewar yawa ba amma tafi kisa, kuma asfirin kara zubar yake. Da ido ba a gane wacce ce, sai da hoton CT, wato na'urar da ke daukar hoton cikin kai.

Saboda haka ku nufi inda akwai CT da likitan tiyatar kwakwalwa, irin asibitin Malam Aminu Kano, Shika a Zariya, asibitin koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato ko asibitin kasa na Abuja. In na kusa daku karami ne su duba shi su rubuta takardar tura ku gaba nan take, kar a kwana ana karin ruwa ana jira. Jinin yafi karuwa a awannin farko. Ku rike lokacin da aka ganshi lafiya na karshe, ku kwaso duk magungunan da yake sha a leda, musamman in yana shan na tsinka jini irin wafarin, domin akwai abun da ake bayarwa a karya karfinsa, bitamin K na ciki, amma sai likita ya sani.

To an dauki hoto. Anan ne nake so ku natsu, mutum daya ko biyu masu nutsuwa su tsaya da likita, ba dangi goma kowa na jefa tasa ba. Tambaye shi a ina jinin yake, nawa ne yawansa, ya shiga ramukan ruwan kwakwalwa ko bai shiga ba, sannan maki nawa majinyacin ya samu a ma'aunin farkawa. Wannan ma'aunin na Glasgow ne, daga 3 zuwa 15, mai 15 yana cikin hayyacinsa, 8 zuwa kasa suma ce mai nauyi. Su likitoci da wadannan suke auna hadari, harda shekaru in an kai 80, da jinin da ya kai mililita 30, wato kamar cokali biyu na cin abinci. Cokali biyu kawai, amma kokon kai baya budewa ya bashi wuri. Rubuta lambar ma'aunin farkawar a takarda kullum, da ita zaka gane ana gaba ko ana baya, ba da "da sauki" ba.

Maganar tiyata kuwa, mu da muka ji ance baza ayi wa baffa aiki ba sai muka dauka an raina mu ne ko an ga bamu da kudi, har wani yayana ya fara maganar sayar da fili a kai shi waje. Ashe ba haka bane. Jinin hawan jini yawanci can ciki yake zuba, kafin wuka ta kai wajen sai ta ratsa lafiyayyar kwakwalwa, kuma wani babban bincike da aka fitar a 2005 akan majinyata sama da 1,000 ya nuna gaggawar yin aiki bata fi magani da kulawa ba ga yawancin irin wadannan. Amma akwai inda aiki shine ceto kuma ba a jira: jini a karamar kwakwalwa ta keya in ya wuce santimita 3 ko yana danne wajen numfashi, ko ruwa ya taru a ka sai an saka roba an zuke, ko jinin da ya taru tsakanin kokon kai da kwakwalwa bayan hatsarin babur ko faduwar tsoho. Wannan na karshen wani lokacin dan rami ake hudawa, mutumin da aka kawo a rude ya tashi yana gaisawa. In likita yace irin wannan ne, kar ku tsaya jiran babban wa ya iso daga Legas kafin a sa hannu.

In ance aiki, tambaya daya ce tafi duka: likita, wannan aikin ransa zai ceta kawai ko ana sa ran zai tashi yayi magana ya ci da kansa? Amsoshin biyu daban suke, kuma hakkinku ne ku ji kafin ku sayar da gona.

Daya bangaren kuma shine saurin sallamawa. Gaskiya ce wajen hudu cikin goma basa wuce wata daya, bazan boye ba. Amma naga an sa hannu an dauke mara lafiya a daren farko ance a kai shi gida ya cika a dakinsa, alhali su kansu ka'idojin likitocin Amurka cewa sukayi kar a yanke hukuncin janye kulawa sai an wuce kwana na biyu cur, domin hasashen ranar farko yana kuskure, kuma wanda aka daina kula dashi dole hasashen ya tabbata akansa. Ku bashi wadannan kwanakin in da hali. Baffa ranar farko maki 9 gare shi, rana ta biyar ya matse hannun Inna da ta kira sunansa.

A kwanakin nan aikinku ne ku sa ido. Ana so lambar sama ta awon jini ta sauko wajen 140 a hankali, ba a fado da ita lokaci daya ba. In ance robar hanci ku yarda, kunu ta nan zai bi har hadiya ta dawo. A daga kan gado kadan, a juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, in barcinsa ya kara nauyi ko ya fara jijjiga a kira nas a take.

Bayan sallama gashin kashi da wuri, mafi yawan saukin a wata uku zuwa shida na farko ake samunsa. Maganin hawan jini kuma har abada ne, ba sai kai yayi ciwo ba. Baffa yanzu da sanda yake zuwa masallaci, hannun hagu bai dawo ba, na'urar awon jini tana kan tagarsa kuma autarsa ce ke rubuta lambar safe da yamma.